Wa Ke Miƙa Masa Ƙwallon?

Amurka, 4 ga Afrilu, 1974

Yaya Andrawus,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Kazage? Ni lafiya lau. Wanke-wanken gidan abinci ya tsattsaga mini hannu, amma karatu na tafiya. A aiko mini da daddawa.

Jiya muka kaure da musu da abokaina kan gwarzon ƙwallon kwando na bana. Wai dogon da ya fi kowa zurawa a raga ne. Na ce wa ke miƙa masa? A gayyar noma ma, wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya makaɗa ke wasawa, ana mantawa da mai gyara a baya. Suka yi mini dariya.

Ba su san cewa makaranta ka bari ka riƙe garma don in zo nan ba.

Allah ya ba da damina mai albarka.

Ƙaninka,
Yusha'u