Littafin Baba a Guntu-Guntu

Litinin, 3 ga Maris
Yau Oga ya kawo mana wata malama da za ta koya mana sabon salon aiki. Wai daga yanzu ba za mu ƙara rubuta littafin jagorar injin ban ruwa daga bango zuwa bango ba. Sai dai guntu-guntu, kowane guntu da batunsa guda, a zuba su a rumbu ɗaya cikin kwamfuta, duk littafin da ke buƙata ya ɗauko. Na gyaɗa kai kamar na yarda. Gashina ya fara furfura a kan wannan kujerar, yau kuma ni ce ɗaliba.

Alhamis, 6 ga Maris
Guntun ma iri-iri ne: na bayani daban, na matakan aiki daban, na lambobi da awo daban. Malama ta maido mini da nawa saboda na rubuta "kamar yadda muka faɗa a baya". Ta ce babu baya, mai karatu yana iya faɗowa ta ko'ina. Cikin ladabi ta faɗa, har da "Anti". Duk da haka na ji zafi.

Talata, 11 ga Maris
An ba ni babban littafin Baba Mai Jan Biro in yayyanka. Shi ya koya mini aikin nan tun ban san inda ake sa aya ba. Bara shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gida. Na buɗe littafin, na rufe, na tafi shan shayi.

Laraba, 12 ga Maris
Ban taɓuka komai ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na je duba Baba. Yana zaune a falo an tokare shi da filo, hannun dama a kan cinya, ba ya motsi. Na yi niyyar ɓoye masa maganar yanka littafinsa, sai bakina ya suɓuce. Sai ya tambaye ni ko gargaɗin nan na cire wuta kafin a buɗe murfin inji yana cikin duk littattafanmu. Na ce ina jin haka. Maganarsa da ƙyar take fita yanzu.

"Kina ji, ko kin duba? Yanka shi, 'yar nan. Ba don a ajiye na rubuta ba."

A mota na yi kukana.

Laraba, 19 ga Maris
Na duba. Kowane littafi da yadda ya faɗi gargaɗin. Na ƙaramin inji ma ya ce a kashe makunni kawai, bai ce a zare waya ba, kuma shi manoma suka fi saya. Malama ta ce in zaɓi guda wanda zai shiga ko'ina. Na ɗauki na Baba, ban taɓa ko wasali ba. Ta karanta ta ce wanda ya rubuta wannan ya san makanikai ba su da lokacin dogon zance. Ta nuna mini inda zan danna, nan take ya bayyana a duk littattafan.

Juma'a, 28 ga Maris
Kaina na ciwo da alamomin da sabon tsarin ya ce a riƙa kewaye kowace jimla da su a kwamfuta. Maigida ya ce ko cefane yanzu a matakai nake faɗa masa.

Litinin, 7 ga Afrilu
Sabon inji zai fita wannan makon. Oga ya leƙo ofishinmu ya ce tunda lokaci ya ƙure, in rubuta littafinsa ta tsohuwar hanya, ya san na fi sauri a can. Abin da na daɗe ina so ke nan. Sai na ji bakina yana ce masa rabin littafin ai yana rumbu, ya bar ni zuwa Laraba.

Ba wai ina son tsarin ba ne. Sauri kawai nake yi.