Yaya, Ka Bar Ta Ta Yi Ta Kira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Yaya Sadiku. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can ƙasar Larabawa, kai da abokan aikinka. Mu nan Haɗeja lafiya lau. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, Baba ya koma duba shinkafarsa ta Auyo, Inna kuma tana sa maka albarka.

Ka san ni da nauyin baki. In ka kira, iyakata in ce lafiya lau in miƙa wa Inna waya. To akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da ka nuna mana motarka ta bidiyo.

Ban taɓa ganin bas mai kyau irinta ba. Zanen kifaye a jiki, kujeru kala-kala. Ka ce aikinka ka kwaso iyalai daga otal ka kai su ƙofar filin wasan nan mai lilon da ke neman taɓa gajimare. Sannan ka nuna mana 'yar na'urar da ke maƙale gefen sitiyari. Ka ce ta nan ofis suke yi maka magana: je ƙofa kaza, ka makara, canza hanya. In saƙo ya shigo sai ta yi ta ƙara, ba ta shiru sai ka duba ka danna. Wai har ka raɗa mata suna Hajiya Babba, don ba a ƙin amsa mata. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

Cikin dariyar ka saki wata magana kamar ba komai ba. Wai rannan Hajiya ta kira, ka kai ido kanta, kana ɗagowa sai ga wata mata a gabanka tana tura keken jariri. Ka taka birki har yara suka zamo daga kujeru. Ka ce Allah ya tsare, ka koma zancen zafin garin. Inna ba ta ji ba, ta tashi duba tukunya. Ni na ji.

Yaya, na san inda abin ya samo asali. A gidanmu ba a kira sau biyu. Kullum Baba yana cewa, "In babba ya kira ka, ajiye abin hannunka, juyo da fuskarka, sannan ka ce na'am." Duk cikinmu kai ka fi riƙe wannan.

Ka tuna shekarar da ruwa ya cinye hanyar Auyo, kana tuƙa ni a kwale-kwale? Kawu Ila ya ƙwala maka kira daga bakin gaɓa. Ba wani abu ba ne fa, gaisuwa ce. Ka juya gaba ɗaya, har da rusunawa, sandar tuƙi a hannunka. Muka kutsa cikin ciyawar kachala, jirgin ya karkata, takalmina ɗaya ya tafi ke nan. Ruwan iya ƙugu ne, saboda haka kowa dariya ya yi, aka yi ta yabon ladabinka a kasuwa.

Can babu ciyawar da za ta tare ka. Kwalta ce, da 'ya'yan mutane a bayanka da gabanka.

Kada ka yi mini dariya. A littattafan soyayyar da kake tsokanata a kansu, saurayin yakan yi tuƙi da hannu ɗaya, idonsa na kan fuskar yarinyar, kuma ba abin da ke samunsa. Da can nakan maimaita wurin har in haddace. Yanzu ina kaiwa nan sai in ji kamar in ce masa malam, dubi hanya mana. Sai in tsallake shafin.

Abin da nake roƙonka ke nan. Na'urar nan ba Baba ba ce, ba Kawu Ila ba ce. Ba ta da furfura, ba ta jin haushi. Ka daina ce mata Hajiya ma, sunan ne yake sa ka jin nauyinta. In ta kira kana tafe, ka bar ta ta yi ta kira. Ka kai inda ake tsayawa, ka ja birkin hannu, sannan ka yi mata na'am ɗin. Na san baƙo ne kai a can, kana tsoron a ce ka makara ko ka yi taurin kai. Ni ban san dokar ofishinku ba. Amma ko faɗa suka yi maka, ai da kunnenka za ka ji, kana tsaye da ƙafarka.

Ban turo maka wannan saƙo kai tsaye ta waya ba. A shafina na sada zumunta na sa shi, ni da ko hotona ba na sawa. Na san wayarka tana aljihun gaba, na kuma san in ka ji shigowar saƙo za ka ce ko daga gida ne. Ba na so in zama wata mai kiran. Ka gani in ka sauka daga aiki, kana zaune.

Allah ya tsare mini idonka a kan hanya. Allah ya kai kowane yaro da ka ɗauka hannun uwarsa lafiya, kai ma ya dawo mana da kai hannun taka. Amin.

Ƙanwarka mai jin kunyarka,
Jidda