Azurfar Sarkin Rum da Ke Kitsonki

Zuwa ga Huraira, hasken idona, sanyin zuciyata, farin watan rugar Kazage, wadda muryarta ta fi mini kindirmon safe daɗi. Gaisuwa mai yawa.

Kin tuna ranar kasuwar Birnin Gwari, da kika sauke ƙwaryarki a gindin ɗorawa, na ɗaura miki 'yar azurfar nan a kitso? Kika shafa kan mutumin da ke jikinta, kika ce hancinsa sak na kawunki. Wayyo Huraira, dariyar nan taki ce ta hana ni sukuni yau!

Ban gaya miki inda na samo ta ba. Baturen haƙar zinariya da nake yi wa kuku yana tara irinta cikin akwati, kuɗin sarakunan Rum na dā, kowace da gurbinta da sunan sarkinta. Wannan a ƙarƙashin tebur na tsince ta, baƙa ƙirin, gefenta duk a cinye. Na ɗauka yasasshiya ce. Na dirje ta da tsamiya da toka har ta yi fari fat, na kai wa maƙeri ya huda. Ni ga gwani! Ashe duk akwatin babu kamarta. Sarkin da ke jikinta wata uku kacal ya yi yana mulki, kuma wai baƙin nan da na kankare yana cikin darajarta. Waɗanne irin mutane ne ke son azurfa da dauɗarta?

Yanzu Bature ya ga gurbinta wayam, an kama Labaran mai wankin gidan, mai 'ya'ya huɗu, wai shi ya sace ta. Kwanansa biyu a hannun 'yan doka, ni kuwa ina soya ƙwai na yi tsit. Ranar Laraba za a kai shi gaban alƙali.

Na san abin da za a ce a rugarku in an ga kitsonki babu ita: wai kin fasa da ni. Duk da haka ina roƙonki, abar ƙaunata, ki kwance ta ki ba wanda ya kawo takardar nan. Laraba zan shiga da ita a tafin hannuna, in ce ni ne. Hudar nan ba ta toshuwa, Bature kuwa ba zai yafe ba. Ɗaurin wata shida ne, na shekara ne, oho. Wallahi tsoro nake ji! Amma da wane ido zan kawo ki ɗakina, Labaran na ɗaure a madadina?

Za ki jira ni? Ba gidan yari ne ya fi tayar mini da hankali ba, a'a, in fito in tarar rugarku ta tashi, sai turakun shanu. In kun tashi, ki bar mini labarin inda kuka nufa. Da ƙafa zan ratsa dajin nan in same ki.

Naki, a sake ko a ɗaure, har numfashin ƙarshe,
Abarshi