Kananzir a Kwalaben Gwajina

Laraba da dare, Kazaure

Har yanzu raina a ɓace yake. Da hannuna na ɗebo gansakuka daga tafkinmu na Roni, inda shanu ke sha, na shanya, na daka, na tace. Na ƙyanƙyashe 'yan jatan lande a ruwan gishiri, na rarraba su a kwalabe. Wasu na ɗiga musu ruwan gansakukar don in ga ko tana da gubar da za ta kashe su, wasu na bar su haka don kwatantawa.

Da safe na tarar duk sun mutu, ɗakin gwajin yana warin kananzir. Baba Sale mai shara ya ce, "'Yata, 'ya'yan sauro na gani suna wutsil-wutsil, shi ne na zuba musu."

Ban ga laifinsa ba, haka ake yi wa kwata a gida. Malamin da ke duba aikina ne ya ƙona min rai. Wai, "Ai sun mutu, ki rubuta akwai guba, lokaci ya ƙure."

In rubuta, a hana makiyaya tafkin da shi kaɗai gare su da rani, saboda kananzir? Gobe zan sake jiƙa ƙwan jatan lande, kuma da kwaɗona zan kulle ƙofar ɗakin gwajin.