Iskar da Lakdar Ya Shaƙa a Wurin Aiki

Wahran, Aljeriya

Zuwa ga Yayana Rabah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma sauƙaƙa maka sanyin Faransa. Baba yana nan da ƙarfinsa, gwiwa ce kawai ke damunsa. Yarana sun koma makaranta. Na zaɓi in rubuto ne domin duk lokacin da na ɗauki waya sai muryata ta ƙi fita.

Maganar ƙaninmu Lakdar ce. Ka san shekarun da ya kwashe a cibiyar binciken nan yana fama da ƙarfen da suke kira faladiyom, wanda ɗan ƙanƙaninsa ke sa iskar gas iri biyu su haɗu su zama roba mai ƙarfi. Kai ne ma kake tsokanarsa da maƙerin da bai taɓa ƙera ko cokali ba. Ashe ɗaya daga cikin iskar nan ita ce wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, ba ta da wari, ba ta da launi. Wata ranar Laraba da hantsi ya buɗe tukunyar gwajinsa, ya tarar da farin garin robar ya fito yadda yake nema. Ya kira matarsa Wahiba yana dariya, wai ta ɗora kuskus da naman rago, yau maƙeri ya ƙera. Kafin azahar abokiyar aikinsa ta leƙa ta same shi kwance a ƙasa. Wani mahaɗin bututu ne ya saki, iskar ta zubo ya shaƙe ta.

A asibiti suka sa masa iskar taimakon numfashi, ya farfaɗo, har yana yi wa Wahiba ƙorafin wa ya cinye masa kuskus ɗinsa. Aka sallame shi. Baba ya yanka rago, maƙwabta suka cika gida. Lakdar da kansa ya hana mu gaya maka, ya ce ciwon kai ne kawai, kada a tayar wa Yaya hankali a banza. Muka bi maganarsa, don mu ma mun ɗauka abin ya wuce.

Bayan 'yan makonni, mai gidan burodin unguwarsu ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida. Wai ya gan shi tsaye a bakin titi da burodi a hammata, yana tambayar mutane ina ne gidansu. Yaya, titin da ya yi shekaru yana bi kullum. Da na isa, ya dube ni da fara'a ya kira sunana, har na ji sanyi a raina. Sai ya jawo ni gefe ya nuna Wahiba, ya tambaye ni a hankali wace baƙuwa ce wannan da ta ƙi tafiya. Tana tsaye da tiren gahawa, ta ji komai. Ta ajiye tiren a gabansa, ta zuba masa, sannan ta shige kicin.

Likita ya ce haka iskar take yi wa wasu, ta ƙyale mutum kamar ya warke, daga baya ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ce da yawa suna dawowa daidai a hankali, amma ba zai yi mana alkawari ba. Abokan aikinsa sun zo da kwalbar farin garin nan, suna ba shi labarin yadda kowa ke yaba aikinsa. Ya juya ta a hannu, ya tambaye su ko gishiri ne.

Abin da ya rage masa shi ne ƙuruciya. Yana tuna tsohon gidanmu, da Mama tana raye, da kai. Kullum da rana sai ya ture kwano, ya ce ba zai ci ba sai Rabah ya dawo daga makaranta. Wahiba ce ke lallashinsa, tana ce masa kana hanya. Yaya, don Allah kada ka bar ta ta ci gaba da yi masa ƙarya. Ka nemi hutu ka zo.

Ka gaishe min da Anti Zulaiha, da yaranku Anis da Malika. Baba bai san na rubuto ba. Wahiba ta ce in gaya maka ta gyara maka ɗaki.

Taka ƙanwa,
Huriyya