Habu Ya Kira Daga Tsibiri

Daren Laraba, Sha'aban 1427, unguwar Nuzla, Jidda

Barci ya ƙi zuwa. Yau ƙanena Habu ya kira ni ina tsaka da ciniki a kasuwar Bab Makka. Yana raye! Kwalekwalensu ya kai tsibirin Tenerife.

Ya ce, "Yaya, tsibirin nan dutse ne da ya taɓa aman wuta. Yashin bakin teku baƙi ƙirin. Arewa kore shar, kullum yayyafi, kudu kuwa ƙeƙasasshe kamar Agadas. Ba zafi irin na Jidda."

Na ce, "Halas, ya isa, na ji. Ina Sani?"

Sai ya koma zancen dutsen, wai da sanyi ƙanƙara ke rufe kansa. Na sake tambaya. Ina jin numfashinsa har layin ya yanke.

Tare suka tafi da Sani, ɗan maƙwabciyata Hajiya Rabi. Kuma Habu ba mai surutun ruwa da iska ba ne.

Da magariba Hajiya ta ce in na ji labari in ƙwanƙwasa mata, ko da tsakar dare ne. Har yanzu fitilarta a kunne take. Na kashe tawa, kada ta san idona biyu.