Geron da Na Ajiye a Ƙaura

Zuwa ga Yaya Kulsumu,

Gaisuwa mai yawa daga Fatakwal. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ina ƙafar Inna, da sauƙi? Ki gaishe mini da mutanen Zurmi.

Ni lafiya lau, aikin gadi sai godiya. Kada ramar da kika gani a hoto ta dame ki. Da ƙafa nake zuwa aiki, abincin rana kuma na yafe shi, da haka na tara abin da Kawu Maitama ya saya mini gero da shi a kasuwar Ƙaura. Yadda Baba ke yi na bi: a saya da kaka, a sayar da damina in ya yi tsada.

To jiya Kawu ya kira ni, wai gero ya faɗi, ko uwar kuɗi ba za ta fito ba. Shi ya ce in sayar, abokan aiki sun ce in jira. Kaina ya ɗaure, Yaya.

Inna kuma ta ce mini bana hatsi ya yi araha, kowa yana ɗora tukunya. Na yi hamdala har cikin zuciyata. Amma wata da watanni ke nan ina roƙon Allah gero ya tashi. Ashe wa nake roƙa wa yunwa?

Ki ce wa Kawu ya kai wa Inna buhu guda. Sauran kuma, ki gaya mini addu'ar da zan yi a kansu, don ni na rasa.

Ƙaninki,
Sagir